Mai aikin wuta da ke son tsayawa da ƙafarsa: ina ake samo aiki idan kasuwa ta yi sanyi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai aikin wuta ne a Zariya. Shekarata bakwai ke nan a hannun maigidana, tun ina riƙe masa tsani har ya kai yanzu yakan bar mini gida sukutum in yi wayarin daga fasa bango zuwa ɗaura bireka. Ina da mata da yaro ɗaya, abin da nake samu ba ya kai mu ƙarshen wata. Zuciyata tana raya mini in nemi sallama in tsaya da ƙafata. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, shi kansa maigidan da sunansa da jama'arsa, da damina mukan yi wata biyu a kan benci babu ko kiran canza soket. To ni da ba ni da kowa fa? Ta ina ake samo aiki a irin wannan lokaci, kuma me ya kamata in tanada kafin in fita?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambayarka biyu ce a dunƙule: ko ka isa fita, da kuma abin da za ka ci in ka fita kasuwa ta yi sanyi. Ta farkon ba ta dame ni sosai ba. Wanda maigida ya saki jiki ya bar wa gida guda daga fasa bango har kunna wuta, hannunsa ya nuna. Ta biyun ce ke mayar da mutane gidan jiya, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Na fara riƙe filaya tun ana kiran masu wuta NEPA, kafin ta koma PHCN a 2005, kafin kuma a sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, mu a Kano mu faɗa hannun KEDCO, ku a Zariya hannun Kaduna Electric. Da na bar maigidana, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ashe rabin sana'ar kawai na koya. Na iya jan waya a bututu, na iya raba nauyi a kan fes uku, wato layuka uku masu ɗauke da wuta, na iya gano inda layi ya yanke a cikin bango. Amma gidan da ake kawo mana mu yi wa wayarin, ban taɓa tambayar kaina ta ina yake zuwa ba. Maigidana yana yin wannan rabin ne a inda ba na gani: wurin ɗaurin aure, zaman makoki, majalisar bayan la'asar, shagon mai sayar da kayan wuta inda nake zaton hira kawai yake zuwa yi. Kai ma ka sa ido a kan naka. Ranar da kuke kan benci kuna hamma, shi ina yake zuwa, da wa yake waya?

Me ke sa aiki ya ɗauke

Zaman bencin da kake gani da damina tsarin shekararmu ne, ba wai an yi wa maigidanka baki ba. Yawancin masu gini a ƙasar Hausa da abin da ya shigo hannu suke gini, yau bulo ɗari biyu, bayan wata uku a sa kwano. Da ruwa ya zauna a watan Yuni, kuɗin sai ya koma gona: taki, iri, maganin feshi, 'yan ƙwadago. Ko ɗan kasuwar birni yana da gona a ƙauye, balle ku da masara ta zama jari. Ruwan kansa yana hana yaɓe. Satumba kuma kuɗin makaranta ya kwashe abin da ya saura. Mai wayarin a bayan magini yake tafiya, in birkila bai ɗora bulo ba babu bangon da za ka fasa. Sai kaka ta yi, an sayar da amfanin gona, bukukuwa sun taso kowa yana son a gyara ɗakin amarya, sannan wayarka ta fara ruri. Daga nan a zarce bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke tuna wa kowa da fankarsa da firjinsa.

Wannan sanyi ne da ka san ranar zuwansa, saboda haka za ka iya yi masa shiri. Akwai wani kuma da ba ya sallama, na tattalin arziki. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Waya tagulla ce, tagulla kuwa farashinta dala yake bi, haka bireka da soket da yawancin abin da muke ɗaurawa. Gine-gine da yawa suka tsaya a kan linta, ciyawa ta fito a falo.

Sai dai abin da ya rufe wannan ƙofa shi ya buɗe wata. Mai janareto ya ga fetur ya gagare shi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, zuwa Naira 225 a kowane yunit. A Oktoban shekarar, yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya tura mutane neman sola, inbata, canjoba, da wanda zai raba musu layin gida a san me ke kan batir me ke kan wutar kamfani. Aikin ƙaura ya yi. Wanda ya tsaya a ƙofar sabon gini kaɗai yana jira, shi ne ke cewa sana'a ta mutu.

Kafin ka nemi sallama

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka zauna da maiɗakinka ku lissafa abin da gida ke ci a wata, abinci, haya, magani, man babur, katin waya, ka ninka sau uku. In ba ka da wannan a ajiye, ko a adashi, ko a tunkiya, ko a buhunan masara, ka dakata tukuna. Dalilina a nan na ciniki ne. Mai yunwa ba ya iya ciniki. Ranar da babu cefane a gida, duk abin da aka taya maka za ka sallama, kuma farashin ranar yunwa shi zai bi ka, domin wanda ka yi wa aikin zai gaya wa ɗan'uwansa nawa ya biya.

Kada ka kama shago a shekarar farko. Ba a zuwa shagon mai gyaran wuta, kiransa ake yi. Kuɗin hayar ka zuba su a kayan aiki: mita mai auna ƙarfin wuta, da wadda ake maƙala wa waya ta nuna nauyin da take ɗauke da shi, injin huda bango, injin yankan bango, da tsani naka na kanka, domin aron tsani yana zubar da girma fiye da yadda kake zato. Tasta mai ɗan ƙwai ta ishi yaron shago, amma ba ta ishi mai sunan aiki ba. Za ta nuna maka akwai wuta, ba za ta gaya maka bolt 230 ce ko 160 ba, wani lokacin ma ta kama a kan wayar da babu komai a cikinta.

Sai takardu. Akwai Trade Test na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha. Akwai takardar shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin aikin wuta da tantance masu yin sa. Sannan ka yi rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunan. Alhajin da zai kira ka gyaran fanka ba zai tambaye ka takarda ba, gaskiya ne. Amma makaranta, asibiti, ƙungiyar agaji da ɗan kwangilar gwamnati za su tambaya, kuma su ne aikinsu ba ya bin ruwan sama. Makarantun kuɗi a dogon hutu suke gyara, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar daminar da kake tsoro. Kai kuwa a garin makarantu kake. Masu gidajen hayar ɗalibai a Samaru da kewayen Kongo, da ɗalibai sun tafi hutu suke neman wanda zai bi ɗaki ɗaki ya canza soket ɗin da hita da risho mai wuta suka narkar.

Game da maigidanka, ka rabu da shi ta ƙofa. Ka je da babba, ka nemi sallama da albarka, kuma kada ka bi bayan jama'arsa kana karya masa farashi. Ban da hakkin da ke ciki, akwai riba. Shekara biyun farko da na fita, manyan ayyukan da na yi kusan duk maigidana ne ya turo mini, waɗanda suka yi masa yawa da kaka ko suka yi masa nisa. Mai suna yakan samu aikin da ya fi ƙarfin hannunsa, kuma yaron da ya rabu da shi lafiya yake fara tunawa.

Wanda in wuta ta tsaya abincinsa ya tsaya

Ga abin da na fi so ka riƙe. Mai gida zai iya kwana wata guda da ƙwai a mace a tsakar gida, ya ce sai an ga albashi. Tela ba zai iya ba. Mai niƙa ba zai iya ba, haka mai ƙanƙara, mai ruwan leda, mai gidan burodi, mai walda, mai cajin waya, mai aski, mai kiwon kaji da injin ƙyanƙyasa, da kemis mai firjin allura. Waɗannan ba su san damina ko rani ba a maganar wuta. Su ne kasuwarka a lokacin da gini ya tsaya, kuma ba sa zuwa wurin wanda ke zaune.

Wata damina da ta matse ni, na kai ɗinki wurin wani tela. Muna cikin magana wuta ta dawo, yaronsa ya je ya juya canjoba, sai na ji wannan warin da duk mai aikin wuta ya sani, warin roba mai ɗumi kamar an bar bokiti kusa da murhu. Na ce a ba ni minti biyar. Da na cire murfin, sukurun nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya saki, wayar ta yi baƙi ƙirin har tsawon ɗan yatsa, robar ta zama kamar ƙanzo, katakon da aka ɗaura abin a kai ya fara yin ja. Sama da shi kuwa shaddodin mutane ne a rataye, na miliyoyin kuɗi, ga Babbar Sallah saura 'yan makonni. Na kira telan na nuna masa da idonsa, na sa ya taɓa murfin ya ji zafin. Na yanke ƙonannen, na ɗaure, ban karɓi ko sisi ba. Kafin mako ya zagayo na yi aiki a shago shida a layin nan, uku a cikinsu sabon wayarin gaba ɗaya, kuma har yau in wani abu ya yi ƙara a layin ni ake kira.

Daga ranar na mayar da abin al'ada. In aiki ya ɗauke, nakan ɗauki mita da sukudireba in bi kasuwa ina cewa a bar ni in duba kyauta. Dubawar kyauta ce, gyaran da kuɗi. Sharaɗin kawai kada ka ƙirƙiri cuta inda babu. In lafiya lau ne ka ce lafiya lau ne ka wuce, wannan ma talla ce, wataƙila ta fi ɗayar.

In kana son wannan layi ya riƙe ka da gaske, ka koyi motar lantarki mai juya inji, mai fes uku, da akwatin da ke tayar da ita. Abin da ke ƙona motar injin niƙa da famfon rijiyar burtsatse sau da yawa shi ne fes ɗaya ya ɗauke, biyu su ci gaba da ja, mota ta yi ta gunji tana zafi har naɗin wayarta ya ƙone. Ƙaramar na'urar da ke kashe layi in fes ya ɓace ba ta kai kuɗin sake naɗin mota sau ɗaya ba. Wanda ka ɗaura wa ita ka bayyana masa, ya zama naka.

Damina kanta tana da nata aikin. Rufi ya yi yoyo ruwa ya shiga akwatin haɗin waya. Bango ya jiƙe yana jan yara. Famfon banɗaki yana fizgar mutum. Tsawa ta faɗi ta tafi da talabijin da inbata. Iska ta girgiza layin waje nutural ya tsinke, wutar wasu gidaje ta haura ta doshi bolt 400, ƙwai ya yi haske kamar rana ya fashe, caja da firji su bi. Gidajenmu da yawa babu atin na gaskiya, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, wani an ja koriyar wayar an bar ta a cikin bango ba ta je ko'ina ba. Kafa sandar tagulla a ƙasa yadda ya kamata, ɗaura birekar kare rai mai miliamfiya 30, sa na'urar da ke yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa, duk aikin kwana ɗaya ne, kuma mai gidan da ɗansa ya taɓa bango ya yi ƙara ba ya dogon ciniki.

Littafi, da mutanen da ke shiga gini kafin kai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da za ka ci da damina, da kaka da bazara ake shuka shi. Ka sayi littafi mai bango. Duk gidan da ka shiga ka rubuta sunan mai shi, unguwa, abin da ka yi, da abin da ka gani bai yi ba amma ya ce a bari sai wani lokaci. Wannan layi na ƙarshe shi ne taskarka. Ran da ka wayi gari babu kira, ka buɗe littafin: "Ranka ya daɗe, wancan karon na ga wayar na'urar sanyaya ɗakin ta yi ƙanƙanta, yanzu ina da sarari, in zo in canza kafin zafi ya dawo?" Cikin goma ko biyu suka ce zo, ka fita daga benci. Kuma duk akwatin bireka da ka ɗaura, ka rubuta a jikin murfin wace bireka ce ta wane ɗaki, a ƙasa ka sa sunanka da lambarka. Gidan zai canza ɗan haya sau uku, lambar tana nan.

Sannan ka san su wa ke shiga gini kafin kai da bayanka. Birkila shi ne ya fara sanin wane gini ne ya kai linta. Falamba, kafinta, mai silin, mai fenti, mai tayil, kowa mai gida yakan tambaye shi ko ya san mai wuta na kirki. Mai sayar da kayan wuta ya fi su duka, domin wurinsa ake zuwa da ƙonannen soket a hannu. Ka zaɓi shago ɗaya ko biyu ka riƙa saye a wurinsu, ka biya bashinsu a kan lokaci. In wani ya kawo maka aiki ka ba shi la'adarsa ba tare da ya tambaya ba, kai ma in ka ga aikin da ya dace da shi ka tura masa. Hoton aikinka a WhatsApp da Facebook yana taimakawa, musamman akwatin bireka da aka jera wayoyinsa kamar kitso, amma ni dai abin da birkila ɗaya mai amana ya kawo mini ya fi abin da waya ta kawo.

Sola

Kowa yanzu mai haɗa sola ne, har wanda jiya yake sayar da caja. Wannan kada ya karya maka gwiwa, domin gyaran ɓarnarsu ma aiki ne. Inda za ka fi su shi ne lissafi. A ce mai shago yana da fanka uku masu cin wat 70 kowace, ƙwai shida masu wat 10, talabijin mai wat 80. Jimla wat 350. Yana son awa shida da dare, wato wat-awa 2,100. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200, a takarda 2,400 yake ɗauka, sai mai gaggawa ya ce ɗaya ya isa. Amma irin wannan batir in kana zuƙe fiye da rabinsa kullum ba zai yi tsawon rai ba, ga abin da inbata ke ci da kanta. Biyu yake bukata, da farantan sola isassu da za su cika su a awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi da muke samu. In akwai firiza kuma, ka tuna tana fizgar ninkin abin da take ci a lokacin tashi. Batirin litiyam ya fi jure zuƙa da daɗewa, kuɗinsa ne ke korar mutane. Ka faɗa wa mai aiki gaskiyar abin da kuɗinsa zai ɗauka tun kafin a sayi kaya. In ka yi masa alkawarin dutsen guga da firji a kan batir ɗaya, bayan wata huɗu sunanka ne zai mutu tare da batirin.

Wutar faranti da batir ba irin wadda ka saba da ita ba ce. In ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa, birekar wutar kamfani ba ta dace da ita ba, waya siririya tsakanin batir da inbata kuwa gobara ce ke jiran rana. Ka bi wanda ya ƙware ka yi aiki uku ko huɗu a bayansa ko da kuɗin mota kawai zai ba ka. Daɗin sola shi ne tana dawo da kai gidan: ƙurar hunturu ta rufe faranti a wanke, ruwan batir ya ja baya a ƙara, kan batir ya yi tsatsa a goge. Ga kuma famfon sola na masu noman rani, wanda tsadar fetur ta sa manoman fadama suka fara waiwaya, ku kuwa ga bakin Galma nan kusa da ku.

Kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban

Nan ne sababbin fita suka fi faɗuwa, ni ma nan na faɗi, kuma da furfurata. Farkon 2024 na yi wa wani mai gida ƙiyasin bene mai hawa ɗaya, na ba shi kuɗi ɗaya a dunƙule, kaya da aiki. Ya ce zai neme ni. Bayan mako biyar ya kira ya tura rabin kuɗin, ya ce a fara. Na shiga Sabon Gari da takardata a hannu, mai shagon ya duba ta ya yi dariya ya ce wannan farashin tarihi ne. Kunya ta hana ni komawa in ce a ƙara. Na gama gidan, kuɗin hannuna kaf ya tafi a waya, yarana biyu da suka taya ni daga aljihuna na sallame su.

Tun daga nan takardata gida biyu ce. Kaya a jere da adadinsu da sunan kamfaninsu, an rubuta a ƙasa cewa farashin na kwana bakwai ne. Kuɗin hannu daban. Kuɗin kaya a biya gaba ɗaya kafin a fara, ko mai gida ya bi ni kasuwa ya biya da hannunsa. Kuɗin hannu kashi uku: kafin alƙalami, in an gama bututu da jan waya, sai ranar gwaji. Duk abin da aka ƙara a tsakiya, "sa mini soket ɗaya a nan", a rubuta a waya a tura masa kafin a fasa bango. Kuma kada ka taɓa cin kuɗin kayan wani ka yi cefane da niyyar cikewa daga aikin gaba. Ramin nan ba a fita daga cikinsa, kullum kana binne aikin jiya da kuɗin na gobe har ranar da na goben bai zo ba.

In kasuwa ta yi sanyi jarrabawa biyu za su zo maka. Ta farko waya mai araha. Za ka ga an rubuta kaurin 2.5 a jiki, ka kankare da wuƙa ka ga fari a ƙarƙashin ja, alminiyam ne aka yi wa rigar tagulla. Ka kara mata ashana, silin wayar zai lanƙwashe ya zube. Ƙa'idar da ka koya ba ta canza ba don abinci ya yi tsada: 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 zuwa sama ga na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa, kowace da birekar da ta dace da ita. Muna da masu yin waya ta gaskiya a ƙasar nan irin su Coleman, Cutix da Nigerchin, sai dai ka saya inda ka amince, domin mai suna shi ake kwaikwaya. In dole ka rage wa mutum, ka rage a kuɗin hannunka, ko ku rage yawan ɗakunan da za a yi yanzu. In ya dage sai mai arahar, ka bar masa aikin. Ran da gidan ya kama, ba mai tuna wanda ya sayi wayar, wanda ya ja ta ake tambaya.

Ta biyu zagaye mita, wato haɗa wuta ta bayan mitar kamfani don kada ta ƙirga. Za a kira ka da dare, a ba ka kuɗin da ya fi na yini uku. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri a kan satar wuta, kuma ran da aka kama mai gidan, sunanka ne zai fara fita daga bakinsa. Hawa turken kamfani ma ka bar wa ma'aikatansa. Layin da kake ganin a mace yake, wani a unguwar zai iya tayar da janareto babu canjoba ya turo maka wuta ta baya.

Abin da zan yi da ni ne kai

Ma'aunina na birni ne, na gidaje da shaguna da ƙananan masana'antu, kuma aljihunka da nauyin da ke kanka kai ka san su. Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba: wani gwanin hannu ne amma ba ya iya bin bashi, ba ya iya cewa a'a, ba ya iya barci in bai san na gobe ba. Irin wannan ya fi samun kwanciyar hankali da albashi a kamfanin sola, ko masana'anta, ko sashen gyara na wata makaranta, ya riƙa ɗan nasa a gefe. Ba gazawa ba ce. Ka auna kanka da wannan tambaya: cikin wata shidan da suka wuce, mutum nawa ne suka kira ka kai tsaye, ba ta hannun maigidanka ba? In ba su kai goma ba, jama'a ce ba ka tara ba tukuna, ba hannu ba.

Da ni ne, ba zan fita da damina ba. Zan je wa maigida yanzu in gaya masa niyyata, in roƙi ya bar mini yammaci da ranar Lahadi in riƙa ƙananan gyare-gyarena da saninsa. Watannin bencin nan da kuke yi, su zan yi amfani da su in bi mai sola, in yi rajistar Trade Test, in zagaya layin teloli da masu niƙa na Sabon Gari da Tudun Wada da mitata a jaka. Sallamar kuwa sai Oktoba ko Nuwamba, in masara ta shiga kasuwa birkiloli sun koma kan bulo, yadda zan samu kaka da hunturu da bazara a jere, wata bakwai ko takwas na aiki, kafin damina ta farko ta same ni ni kaɗai. A cikin watannin nan duk aikin da ya shigo, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin hannu zai tafi asusun da ba shi da kati, a bar shi sai Yuli.